Shekara guda da kwamfutar da na haɗa da hannuna don ɗaukar murya

Da murya nake neman abincina. Ina karanta rubuce-rubuce ana saurare a waya, ina kuma ɗaukar tallar 'yan kasuwa da ake sakawa a rediyo. Ba ni da situdiyo. Ɗakin da ke jikin zaure shi ne wurin aikina, kuma sai dare ya yi nisa, unguwa ta yi tsit, masu janareto sun kashe, sannan nake kunna makirufo. A wannan shirun ne ƙarar kwamfuta take fitowa fili. Tsohuwar laftof ɗina, da an yi minti goma ana ɗauka sai 'yar fankarta ta tashi da wani siririn kuka irin na sauro, makirufo kuwa ba ya barin komai ya wuce shi. Audacity, manhajar da nake ɗauka da tace sauti da ita, tana da hanyar rage ƙarar da ke bayan magana, amma idan ka matsa mata sai muryar ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa. Wani mai shagon atamfa ya taɓa dawo mini da aiki, ya ce, "Malam, kamar ana zuba ruwa a bayan maganar nan." Gaskiyarsa ce. Tun daga ranar na ƙudurta zan haɗa kwamfutar tebur da kaina, wadda ba ta ƙara, kuma da kuɗin da ba zai taɓa cefanen gida ba. Yau shekararta guda tana aiki, ta ga hunturu, ta ga bazara, ta ga damina.

Da farko na so in bi gajeriyar hanya, in ɗauki irin kwamfutocin ofis na gwanjo da ake jibgewa a shagunan Beirut Road nan Kano. Suna da araha, da yawansu kuma suna da ƙarko. Abu biyu suka dakatar da ni. Mafi yawan masu arahar nan firosesarsu, wato abin da ke yi wa kwamfuta lissafi, ta tsufa, Intel zubi na 4 ko na 6, alhali a hukumance Windows 11 daga zubi na 8 take farawa, ga shi Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10. Sannan irin waɗannan akwatuna, da yawa an ƙera su ne yadda kayan kamfanin kaɗai za su zauna a ciki. Ran da fanka ta fara kuka, ba za ka iya ciro ta ka sa babba ba, domin babu wurin.

Abin da na gane bayan makonni ina karance-karance, wanda shekarar nan ta tabbatar mini, shi ne zafi ne uban ƙara. Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa, fanka kuma ba ta gudu sai don ta kore shi. Mai neman shiru da kuɗi kaɗan, ba daga fanka mai tsada zai fara ba. Daga kayan da ba sa shan wuta zai fara. A kan wannan na auna duk abin da na saya, kuma wuri ɗaya da na kauce masa, nan ne na yi asara.

Firosesar da na zaɓa ita ce AMD Ryzen 5 5600G, wadda ta fito a 2021. Tana da ƙwaƙwalwa 6, an ƙayyade zafinta a wat 65, kuma abin da ya fi ja na gare ta shi ne ɓangaren hoto yana cikinta. Ke nan ba sai na sayi katin girafis ba. Katin girafis matsakaici shi kaɗai yakan sha fiye da wat 100, ya zo da fankoki biyu ko uku, kuma a lokacin kuɗinsa yakan kai na firosesa da ram (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta) a haɗe. Da shawara ɗaya na kawar da babbar murhu daga cikin akwatin, na kuma tsira da kuɗin. Kujerar da take zama a kai, AM4, tun 2016 ake amfani da ita, shi ya sa kayanta suka cika kasuwa, sabbi da na hannu. Sabuwar kujerar AM5 ta 2022 ram ɗin DDR5 kaɗai take karɓa, wanda a lokacin ya fi ƙarfin aljihuna.

Ba kowa wannan zaɓin zai yi wa ba. Idan manyan wasannin zamani kake so ka buga, ko kana tace bidiyon 4K mai launuka da ado da yawa, za ta gaza maka. Ni kuwa sauti nake tacewa, sai ɗan bidiyon 1080 da nake ɗora hoto da rubutu a kai, kuma ban taɓa zama ina jiranta ba.

Madabod, wato faffaɗan farantin da ake soka duk sauran kayan a jikinsa, na ɗauki MSI B550M PRO-VDH, matsakaici ne, bai cika wuri ba. Abin da na duba a jikinsa uku ne: ramin HDMI a baya, tunda hoton daga firosesa zai fito, wuraren soka fanka masu fil huɗu, domin da su ne ake iya sarrafa gudunta sosai, da kuma ramukan ram guda huɗu saboda gaba. Akwai madabod irin B450 da ya fi araha, amma idan tsohon ajiya ne sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikinsa mai tayar da kwamfuta, kafin ya gane wannan firosesar, in ba haka ba ka kunna ka ga baƙin allo. Ko B550 ɗin ma ban bar shagon ba sai da na ce, "Alhaji, a ɗora a kunna a gabana." Yaronsa ya ɗora firosesar a kan kwali, ya soka ram, allo ya kawo, sannan na ƙirga kuɗi. Minti goma sha biyar ne, amma sun fi sati guda na zirga-zirga.

Ram kuwa, DDR4 mai gudun 3200, guda biyu masu giga 8 kowanne. Mai shagon ya so ya ba ni guda ɗaya mai giga 16, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Firosesar da hotonta ke cikinta daga ram take aron wurin aiki, kuma guda biyu suna buɗe mata hanya biyu a maimakon ɗaya. A rami na biyu da na huɗu ake soka su idan ka ƙirgo daga wajen firosesa. Bayan haka sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke sakin cikakken gudun ram, domin in ba ka kunna ba, sau da yawa ram ɗin yana tafiya ne ƙasa da gudun da ka biya.

Ma'adana na sa SSD irin NVMe mai giga 500, ɗan siririn nan da ake kwantarwa a jikin madabod da ƙusa ɗaya. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, don haka babu ƙara. Tunda hanyar da 5600G ke magana da ma'adana a PCIe 3.0 ta tsaya, wato wajen mega 3,500 a daƙiƙa, ban ga dalilin biyan kuɗin mai PCIe 4.0 ba. Na so in haɗa da tsohon had-dis ɗina mai juyi 7,200 a minti don ajiyar tsofaffin ayyuka, na ɗaura shi kwana biyu, na ciro. Ba ƙararsa ce kaɗai ba. Girgizarsa tana bin ƙarfen akwatin ta shiga katakon tebur, ta hau sandar makirufo. Idan ka ɗora tafin hannu a tebur sai ka ji wani ɗan gurnani. Yanzu yana cikin 'yar jakarsa ta waje, ina jona shi ran Juma'a in kwashe aikin mako, in zare.

Sai wurin da na yi asara. Na ga wani kesin, wato akwatin kwamfuta, mai kyan fuska a wani shago, aka ce da fawa-fak ɗinsa a ciki, wato akwatin nan da ke karɓar wutar bango ya raba wa kayan ciki. An rubuta wat 500 a jikinsa, babu sunan kamfanin da na sani. Kuɗin duka biyun bai kai na fawa-fak mai suna shi kaɗai ba, sai na ce ai na yi riba. Daren da na gama haɗawa na kunna, allo ya kawo, raina ya yi fari, sai kuma na ji ƙugi a ɗakin kamar an kunna ƙaramin injin niƙa a maƙwabta. Na sa abin kunne na ɗauki shiru na daƙiƙa talatin, layin ƙarar da ya fito a Audacity ya fi na tsohuwar laftof kauri. Maman yara ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Abban yara, wannan ce mai shirun?" Ban iya ba ta amsa ba.

Washegari na naɗe takardar kalanda ta zama kamar bututu, na sa baki ɗaya a kunne, ina kai ɗayan kusa da kowace fanka. Ta firosesa tana huci kaɗan. Ta baya ba laifi. Da na kai bututun bakin fawa-fak sai ƙarar ta cika mini kunne. 'Yar fanka ce mai milimita 80, kuma gudu ɗaya take yi tun daga kunnawa har kashewa, ko ana aiki ko ba a yi. Da na kwance shi na ɗaga, sai na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka juye. Araha ba ta ado. Abin da ya fi ƙarar tayar mini da hankali shi ne tunanin cewa duk kayan da na tara kuɗinsu wata da watanni a bayan wannan gwangwanin suke, a garin da wuta take zuwa da ƙarfi ta koma ba sallama. Kada wanda ya yi gigin buɗe fawa-fak don canza masa fanka. Akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare shi daga bango.

Na jira ƙarshen wata na sayi Corsair CX550. Yana da shaidar 80 Plus Bronze, ma'ana a rabin lodi aƙalla kashi 85 cikin 100 na wutar da ya ja yana isar da ita ga kayan, ɗan abin da ya rage ne yake zama zafi. Fankarsa mai milimita 120 ce, kuma da zafi take ƙara gudu. Kwamfutar nan ko an matse ta ba ta kaiwa wat 150, saboda haka fawa-fak ɗin ko gumi ba ya yi, fankarsa tana tafiya a hankali. Yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, wanda ke nufin ko wuta ta yi ƙasa ba ya saurin mutuwa. Ranar da na sa shi, rabin matsalar ɗakin ta kau. Da zan sake, da shi zan fara kafin komai, in sayi kesin wanda babu komai a cikinsa.

Akwai abin da masu inbata da UPS ya kamata su sani. Fawa-fak na zamani irin wannan yana son wuta mai santsi, wadda ake rubuta wa "pure sine wave" a jikin kwali. Inbata mai araha da ke ba da wuta mai gargada kan sa shi yin zuzz, wani lokaci ma kwamfutar ta mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Tawa inbatar mai santsin ce, kuma ƙarancin shan wutar kwamfutar ya sa batir yana kai ni ƙarshen ɗauka da dare ba tare da fargaba ba. Ban sa wannan a lissafi ba tun farko, amma yanzu yana cikin abubuwan da na fi jin daɗinsu.

Hitsink ɗin da ya zo a kwalin firosesa, wato ƙarfen da ke zama a kanta yana zuƙe zafi, na bar shi duk tsawon hunturu, kuma bai yi mini laifi ba. A Disamba da Janairu, lokacin da ake kwana da bargo, ko motsinsa ba na ji. Da Maris ya shigo sai labari ya canza. A Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 da rana, bango kuma ya riƙe zafin har tsakar dare, ni kuma dole in kashe fankar sama idan zan ɗauki murya. Ƙaramin ƙarfe ba shi da wata dabara a irin wannan ɗaki sai ya ƙara wa fankarsa gudu. Na canza shi da DeepCool AK400, dogo mai tsayin milimita 155, mai bututun tagulla huɗu da fanka milimita 120. Yadda bututun nan ke aiki ya burge ni: akwai ɗan ruwa a rufe a ciki, idan ya taɓa zafin firosesa sai ya zama tururi ya tafi wajen siraran faranti, iska ta sanyaya shi, ya dawo ta jikin bututun kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Babu famfo, babu abin da zai lalace sai fankar.

Wajen sa shi akwai 'yan abubuwan da suke ɓata wa mutane aiki. Auna faɗin kesin ɗinka tukuna, don kada murfi ya ƙi rufuwa. Akwai leda a ƙasan ƙarfen da dole a ɓare. Sannan wajen cire tsohon hitsink a kan AM4, ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki man da ke tsakaninsa da firosesa ya yi laushi, ka murɗa shi hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. Idan ka fizga kai tsaye, firosesar takan biyo shi ta fito daga kujerarta, ƙafafunta kuwa sirara ne kamar gashi, lanƙwasa su ba wuya.

Maganar kesin ita ce inda na fi saɓa wa abin da na karanta. Yawancin masu ba da shawarar kwamfuta mai shiru a intanet daga Turai da Amurka suke rubutu, inda ɗaki yake zama digiri 20 ko 22. Su sukan yaba akwati rufaffe mai soso a ciki wanda ke danne ƙara. A wurinmu wannan kamar ka sa wa mutum rigar sanyi ne a watan Afrilu ka ce kada ya yi haki. Hitsink ba ya sanyaya abu ƙasa da iskar da ya samu. Idan iskar ɗakin ta fi tasu zafi da digiri 15, firosesarka ma haka za ta fi tasu. Sa'ar da na yi, kesin ɗin nan da ya zo da mugun fawa-fak gabansa raga ne, da matatar ƙura da ake zarewa. Na sa fankokin Arctic P12 PWM guda uku, biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Suna iya sauka har juyi 200 a minti, su hau zuwa 1,800. Na san ana yabon Noctua ta ƙasar Ostiriya, kuma ban musa ba, amma kuɗin guda ɗaya a lokacin da na duba zai saya mini waɗannan ukun. Babbar fanka a hankali ta fi ƙarama da gudu. Duk wanda ya kwana a ƙarƙashin fankar sama a lamba ɗaya, ya kuma kwana kusa da 'yar fankar caji, ya san bambancin.

Dalilin sa biyu a gaba ɗaya a baya, ƙura ce. Idan iskar da ke shiga ta fi wadda ke fita, to duk ƴan ƙofofin akwatin fitar da iska suke yi, ƙura ba ta samun hanya sai ta matata. Da hazo ya sauka na ga amfanin wannan da idona. Sati biyu kacal matatar ta koma ja kamar an barbaɗa mata garin bulo, amma ciki fes. Ina zare ta in wanke in shanya duk sati biyu a hunturu, sauran lokuta sau ɗaya a wata. Na kuma ɗaga akwatin daga ƙasa na ɗora a kan 'yar kujera. Idan za ka hura ciki da bulowa, riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima.

Abin da bai ci mini ko kwabo ba, kuma ya yi aiki kusan kamar sabon hitsink, a BIOS yake. AMD ta ba da damar a sauke wannan firosesar daga wat 65 zuwa 45. Na sauke, ban ga canji a Audacity ba, sai dai fitar da bidiyo ya ɗan ƙara tsawo. Sai na gyara layin gudun fankoki: su tsaya ƙasa-ƙasa har zafi ya kai digiri 60, daga nan su fara hawa sannu a hankali. Iyakar firosesar digiri 95 ce, don haka akwai fili. Na kuma sa jinkiri kafin fanka ta amsa, domin zafin Ryzen yakan yi tsalle na daƙiƙa biyu ya sauko ko shafi ka buɗe, fanka ta bi shi sama da ƙasa. Kunne yana mantawa da ƙarar da ke tafiya bai ɗaya, amma wadda ke tashi tana faɗuwa ba ya barin ta, makirufo ma haka.

Yau idan na kunna ta da dare, sai na duba 'yar fitilar gaba nake tabbatar da tana kunne. A hunturu da damina ina ɗauka ba tare da na taɓa rage ƙarar baya ba. A tsakiyar bazara akwai ɗan shuu da ya rage, ba zan ɓoye ba. Maganinsa da na samu shi ne nisa: na sayi dogayen wayoyin HDMI da USB na mayar da akwatin ƙuryar ɗaki, na juya bayan makirufo gare shi, tunda irin nawa ta gaba yake ji. Duk ninka tazara yana rage ƙara da kimanin desibel 6 a fili, a ɗaki bai kai haka ba saboda bango, amma ya isa.

Ma'adanar nan mai giga 500 ta yi mini kaɗan, sautin da ba a matse ba yana cin wuri, kuma da na sani da tera ɗaya na saya. Akwai rami na biyu a madabod yana jira, shi ne sayayyata ta gaba idan kuɗin tallar da ke hannuna ya shigo. Mai shagon atamfar nan ya dawo kafin ƙaramar sallah da sabon aiki. Na tura masa, ya saurara a mota, ya kira ni ya ce, "Malam, ka shiga situdiyo ne yanzu?" Na ce masa a'a, Alhaji, ɗakin nan ne dai na jikin zaure.